Yadda farin rubutu ya ɓace mini a kan kwalin acha, da abin da na gano game da hawan tawada

Sana'ata tsara zane a kwamfuta, ina da ɗan shago a Jos kusa da hanyar Bauchi, kuma yawancin aikin da ke zuwa mini katin biki ne da kalanda da takardun makarantu. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a hunturun da ya wuce, lokacin da wata Hajiya mai sarrafa garin acha ta kawo mini aikin kwali guda 1,000 da za ta riƙa zuba kayanta a ciki. Na ga ya dace in rubuta shi ne saboda da yawa daga cikinmu a hannun wani muka koyi aikin nan, mun iya daidaita launi da rubutu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayanin abin da masu ɗab'i ke kira obafirint, wato hawan tawada a kan tawada, balle ya gaya mana inda wannan umarni yake ɓuya a cikin fayil.

Hajiya ta zo ranar wata Litinin da hantsi tare da 'yarta mai riƙe mata lissafi. Ta miƙo mini filashi ɗauke da tambarin kayanta, wanda ɗan ƙanwarta ya zana mata shekarun baya a manhajar zane ta CorelDRAW ya ajiye shi a nau'in fayil da ake kira EPS. Tambarin da'ira ce koriya mai zangarniyar acha rawaya, an rubuta sunan kayan da fari a tsakiya. Muka yi ciniki, ta ba da rabin kuɗi, muka tsayar da kwana 10 domin tana son kayan su shiga kasuwa kafin azumi. Washegari na je wurin mai yankan kwali, na yi sa'a yana da tsohuwar wuƙa da ta yi daidai da girman da muke so, ya turo mini zanen layukan yanka da na lanƙwasa. Na buɗe zanen a manhajar zane ta Illustrator, na ba layukan launi na musamman wanda ba ya cikin tawada huɗu da aka saba bugawa da su, na sa masa suna "yanka", domin ya zama jagora kawai, kada ya fito a jikin kwalin. A Illustrator ɗin dai na tsara ɗan teburin da ke ɗauke da bayanin abin da ke cikin garin da lambar rajistar NAFDAC, da ƙananan baƙaƙen haruffa waɗanda za su zauna a kan fili rawaya.

Na saba haɗa aiki a manhajar tsara shafi ta InDesign, don haka can na kai fayilolin nan uku, na jera kwali biyu a takarda ɗaya. Ga wanda bai saba ba, InDesign ba ya haɗiye zanen da aka shigo masa da shi, jingina shi yake yi: yana nuna hotonsa a shafi, yana riƙe adireshin inda ainihin fayil ɗin yake, sai lokacin fitar da aiki ya je ya ɗauko shi yadda yake. Na tuna an taɓa ce mini layin yanka yana bukatar hawan tawada, sai na danna shi na buɗe ɗan allon da ake kira Attributes, na tarar akwatunan Overprint Fill da Overprint Stroke sun dushe, ba sa dannuwa. Na ɗauka ma'anar haka ita ce manhajar ta riga ta kula da lamarin, na wuce. A nan na yi kuskuren farko, domin akwatunan nan suna magana ne a kan firam ɗin da ke riƙe da zanen, ba su da iko a kan abin da ke cikinsa.

Zane ya yi kyau a fuskar kwamfuta. Na buga samfuri a ƙaramar firintar shago, na kuma tura wa Hajiya hotonsa ta WhatsApp, ta duba ta ce ya yi, 'yarta ta gyara lambar waya ɗaya. Na fitar da PDF na yau da kullum, na buɗe shi a manhajar duba PDF ta Acrobat, na ga farin suna yana nan raɗau a cikin koren da'irarsa.

Ranar Alhamis na kai fayil ɗin gidan da ake fitar da faranti kai tsaye daga kwamfuta, wanda ake kira CTP. Faranti shi ne fallen ƙarfen da ake ɗaura wa injin ɗab'i, kowane launi da nasa. Na tarar da mutum biyar a gabana, ga wuta ta ɗauke, sai da aka tayar da janareta, na yi zaman kusan awa uku. Da layi ya zo kaina na gaya wa matashin da ke kan kwamfuta cewa faranti huɗu nake so, sayan (shuɗi) da majenta (ja) da rawaya da baƙi, kada ya fitar da na biyar mai suna "yanka". Na biya naira 5,000 kan kowane faranti, 20,000 ke nan. Aka naɗe mini su a takarda, ni kuwa saboda sauri da gajiya ban warware na duba ko ɗaya ba. Daga nan na wuce na sayi kwali na naira 120,000, aka yanka mini shi daidai bakin inji, na kai maɗaba'a gab da magariba. Samfurin da na buga na bar shi a ofishin manaja, ban kai shi hannun mai tuƙa injin ba, kuma wannan shi ne kuskure na biyu.

Injin da aka ɗora aikin a kai Kord ne, tsohon injin Heidelberg mai ɗaukar takarda har santimita 46 da 64, wanda ke buga launi ɗaya a kowane zagaye, ma'ana dole kowace takarda ta ratsa shi sau huɗu. Mai tuƙa shi dattijo ne da ya daɗe a aikin, kowa Baba yake ce masa. Ranar Asabar da azahar ya kira ni ya ce, "Malam, ka zo ka ga wani abu kafin in ɗora ja." Na hau keke na isa, na tarar ya gama sayan a kan duka takardu 550, ya bi da rawaya ya yi nisa, sai manaja ya leƙo da samfurin a hannu suka gwada. Gabana ya faɗi. Da'irar tambarin ta fito koriya shar, babu suna, babu ko alamar harafi ɗaya. Baba ya ɗaga takardar zuwa haske ya nuna mini abu na biyu, wani siririn farin layi da ya bi duk inda za a yanka da inda za a lanƙwasa, kamar an ja shi da allura. Sannan ya sa yatsa a kan filin rawaya inda teburin bayani zai zauna, ya ce, "Ka ga waɗannan ƙananan fararen haruffa? Ramuka ne aka huda wa baƙi. Sai na sa baƙin ya faɗa cikinsu daidai, a kan takardar da ta riga ta ratsa inji sau uku ta sha ruwa ta ɗan miƙe. Ko gashi ɗaya ya goce za ka ga fari a gefen kowane harafi." Na tambaye shi ko za a iya bin koren da farar tawada a mayar da sunan, ya girgiza kai ya ce farar tawadar wannan inji ba ta rufe launi mai duhu da kyau, ko an bi sau biyu dishi-dishi za ta fito, kuma ba za ta gyara layin da aka huda ba.

Na kwana da yaƙinin cewa laifin masu faranti ne. Ranar Litinin da sassafe na koma wurinsu da takardar da ta lalace a hannu ɗaya da samfurina a ɗayan, raina a ɓace. Matashin bai yi musu da ni ba. Ya buɗe PDF ɗin da na ba shi a Acrobat, ya shiga wurin da ake kira Output Preview, ya danna akwatin Simulate Overprinting, sai ga farin suna ya ɓace a gaban idona, ya cire alamar sai ya dawo. Ya kashe launin "yanka", sai ga siririn farin layin nan. Gani ya kori ji. Ya ce, "Yallaɓai, injinmu abin da fayil ya ce shi yake yi. Ku allonku ne bai nuna muku ba."

A nan ne na fahimci lamarin sosai, kuma zan faɗe shi yadda na gane shi. Idan abu mai launi ya zauna a kan wani launi, al'adar manhajojin zane ita ce su huda gurbinsa a cikin launin ƙasa, domin tawadar ɗab'i ba fenti ba ce, ana ganin na ƙasa ta cikinta, rawaya a kan sayan kore take bayarwa. Hawan tawada umarni ne da ke cewa kada a huda, a bar na ƙasa yadda yake a ɗora na sama a kai. Ga ƙananan baƙaƙen haruffa wannan alheri ne, domin baƙi yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ko faranti ya ɗan goce babu ramin da zai leƙo. Ga layin yanka wajibi ne, tunda ba za a buga shi ba, bai kamata ya bar gurbi ba. Amma fari a aikin ɗab'i ba tawada ba ce, rashin tawada ne, takarda ce ke bayyana ta cikin rami. Idan aka ce wa fari kada ya huda, ba shi da abin da zai ɗora kuma bai cire komai ba, sai ya zama babu. Wato abubuwa uku ne suka same ni a aiki ɗaya: wanda bai kamata ya hau ba ya hau, biyun da ya kamata su hau ba su hau ba. Abin da ya hana ni gani kuwa shi ne firintar shago da hoton WhatsApp ba su nuna umarnin ba, kuma Acrobat, idan ba a canza masa saiti ba, yana nuna hawan tawada da kansa ne kawai ga fayilolin PDF/X, wato nau'in PDF da aka tsara musamman domin ɗab'i, nawa kuwa ba shi ba ne.

Daga can gidan Hajiya na nufa, domin ban ga amfanin ɓoye mata ba. Na shimfiɗa takardar a gabanta na ce, "Ranki ya daɗe, aiki ya sami matsala, kuma daga wurina ne, ban duba abin da ya kamata in duba ba." Ta daɗe tana kallon da'irar da babu sunanta, sannan ta ce, "To ɗana, yanzu mene ne abin yi, kuma kwana nawa?" Na ce kwana biyar, kuma faranti da kwalin da suka lalace a wuyana suke. Ta ce za ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwalin tunda tambarin daga wurinta ya fito. Na yi mata godiya ƙwarai, amma har yanzu ina ganin nauyin duba fayil yana kan wanda ya kai shi maɗaba'a ne, ko wane ne ya zana shi.

A daren na zauna na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gidansa. Na fara da tambarin. Na buɗe EPS ɗin a Illustrator, na kunna Overprint Preview, sunan ya ɓace nan take. Na danna haruffan na duba Attributes, ga alama a akwatin Overprint Fill. Da na tambayi 'yar Hajiya daga baya, ta ce asalin tambarin baƙin rubutu ne a kan rawaya, daga baya aka sauya shi zuwa fari a kan kore. Bayanin ke nan: an sa wa baƙin umarnin hawa, wanda daidai ne a lokacin, da aka sauya launin sai umarnin ya zauna a jikin haruffan. Illustrator yana da wani zaɓi a Document Setup mai zubar da hawan farin abu lokacin fitar da aiki, amma bai cece ni ba, saboda tambarin bai taɓa bi ta cikinsa ba, daga filashi na ɗauke shi kai tsaye zuwa InDesign. Na cire alamar da hannuna, na bi sauran sassan tambarin don kada wani ya ɓuya a cikin rukuni, na ajiye shi a matsayin fayil ɗin AI, wato nau'in fayil na Illustrator, na tabbatar akwatin Create PDF Compatible File yana da alama, domin wannan ɓangaren na PDF shi InDesign yake karantawa.

Layin yanka bai ba ni wahala ba, na zaɓi layukan duka na sa musu Overprint Stroke a cikin Illustrator. Teburin bayani ne ya koya mini wani abu. Na daɗe da sanin cewa InDesign yana sa baƙinsa ya hau da kansa idan ya kai kashi 100, shi ya sa ban taɓa samun matsala da rubutun da na buga a cikinsa ba. Abin da ban sani ba shi ne wannan gata na baƙin InDesign ne kaɗai, ba ya ƙetarawa zuwa baƙin da ke cikin zanen da aka jingina. Na sa wa haruffan hawa a Illustrator, na kuma duba na tabbatar baƙin nasu tawada ɗaya ce, sayan da majenta da rawaya duk sifili. Ban yi wa kowane baƙi haka ba: akwai wani faffaɗan baƙin zirin da ya ratsa kan hoton kwanon acha da kan kore, na bar shi, domin babban fili baƙi idan ya hau kan abubuwa mabambanta ana iya hango inuwarsu ta cikinsa.

Da na koma InDesign na kunna Separations Preview, wanda ke nuna kowane faranti shi kaɗai, sai na ga har yanzu sunan babu shi. Na yi kusan rabin awa ina neman dalili kafin in lura cewa shafin yana jingine ne da tsohon EPS, tunda sabon fayil ɗin da na ajiye sunansa da nau'insa daban ne. Na shiga allon Links na sauya mahaɗin zuwa sabon, a kwali na farko da na biyu. Sauran biyun kuma suna ɗauke da alamar gargaɗi rawaya mai kusurwa uku, wadda ke nufin an canza fayil amma shafin bai ɗauko canjin ba, na sabunta su. Daga nan na kashe faranti ɗaya bayan ɗaya ina kallo: a sayan da rawaya ga ramin sunan ya fito, na kashe baƙi na ga filin rawaya sumul babu huda, na kashe "yanka" na ga kore bai tsage ba.

Da safe na kira matashin gidan faranti na tambaye shi irin PDF ɗin da injinsu ya fi jituwa da shi, ya ce in kawo PDF/X-1a. Wannan tsari, wanda aka kafa a 2001, yana karɓar launukan ɗab'i huɗu da launuka na musamman ne kawai, yana kuma daddale duk wani abu mai shara-shara tun kafin fayil ya bar hannunka, saɓanin PDF/X-4 da ke barin wannan aiki ga injin gidan faranti. A wurin fitarwa akwai wani akwati mai suna Simulate Overprint da ya kusa ruɗa ni, domin sunansa yana kama da abin da nake nema. Aikinsa kwaikwayon kamannin hawan ne domin samfuri, yana kuma narkar da launi na musamman ya koma cikin tawada huɗu, da na danna shi da layin yanka ya bugu a jikin kwali. Na bar shi babu alama. A wannan karon na zauna kusa da matashin muka sake bin launukan a kwamfutarsa, na roƙe shi kada a buɗe fayil ɗin a CorelDRAW don sake jera shi, domin duk fayil ɗin da aka buɗe aka sake fitarwa sabon fayil ne mai bukatar sabon dubawa. Ya ba ni shawarar a sake farantan duka huɗu daga fayil ɗaya don su hau juna daidai, na sake biyan 20,000. Da suka fito na warware su a kan tebur, na nemi sunan Hajiya a farantin sayan da idona kafin in fita.

Baba ya karɓi samfurin a hannunsa wannan karon, ya manna shi a jikin inji. Sanyin Jos ya sa tawada ta yi tauri da safe, bushewa kuma ta yi jinkiri, don haka zagaye huɗun ya ci kwana uku. Na tsaya a kansa lokacin da ya ɗora baƙi, na ga lambar NAFDAC ta zauna a kan rawaya tsaf babu farin gefe. Mai yanka ya gama nasa a yini ɗaya, na kai wa Hajiya kayanta da jinkirin 'yan kwanaki a kan alkawarin farko.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake karɓar aiki. Duk tambarin da abokin ciniki ya kawo, ko daga wa ya fito, sai na buɗe shi shi kaɗai na kunna kallon hawan tawada kafin in jingina shi a shafi, kuma fararen abubuwa da masu launi mai haske nake fara dubawa. Duk gyaran da ya shafi hawa a cikin ainihin fayil ɗin nake yin sa, in dawo in sabunta mahaɗi, domin na tabbatar shafin da ke riƙe da zane ba ya ƙara masa wannan umarni kuma ba ya cire masa. Idan aka turo mini tambari a nau'in fayil na SVG ko PNG, na san waɗannan ba sa ɗaukar umarnin hawa ko kaɗan, don haka nakan mayar da na SVG zuwa launukan ɗab'i in sa masa abin da yake bukata, na PNG kuwa in nemi asalinsa ko in sake zana shi. Na canza saitin Acrobat ɗina ya riƙa nuna hawan tawada a kowane lokaci. Ga abokan aiki masu amfani da CorelDRAW, wanda shi ya fi yawa a shagunanmu, akwai Simulate Overprints a ƙarƙashin View, kuma a wurin fitar da PDF akwai zaɓin riƙe hawan da ke cikin zane da zaɓin sa baƙi ya hau koyaushe, ya kamata mutum ya san wanne ya kunna kafin ya miƙa fayil. Samfurin da abokin ciniki zai sa wa hannu kuma daga PDF na ƙarshe nake fitar da shi, bayan na ga faranti ɗaya-ɗaya a allo, kuma kwafi ɗaya yana zuwa hannun mai tuƙa inji.

Bayan sallah Hajiya ta aiko 'yarta a ƙara buga kwali 2,000, da ƙaramar takardar mannawa ta buhu. Kafin mu fara na karɓi filashin nan na farko, na nuna wa yarinyar yadda sunan ke ɓacewa a tsohon fayil, muka goge shi da izininta, na sa mata gyararren tambarin a AI da PDF, domin duk mai zanen da za su kai wa aiki nan gaba ya ɗauki wanda ba shi da lahani.